Lallen da Ya Kusa Cinye Aikin Aina'u

Sharada, Kano.

Zuwa ga ƙanwata Hajjo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Umar da yara da duk wanda yake ƙarƙashin inuwarku a can Kumasi. Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, ya sa kaffara ce. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Matata Ladidi tana nan da ciwon bayanta da kuma bakinta, babu wanda ya ragu a cikinsu. Ni kuwa hawan jinin ya ɗan lafa tun da na rage sauraron labaran rana. Damina ta yi albarka, sai dai kwatar unguwa ta sake cika, ruwan masana'antu ya haɗu da na sama ya zo mana har ƙofar gida, yau shuɗi gobe ja, kamar yadda kika san shi.

Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi a wayar Ladidi, na kuma ji kina kuka a ƙarshensa. Wanda ya gaya miki an kori Aina'u daga aiki ya yi gaggawa. Ba a kore ta ba. Na fara da wannan ne don ki samu wuri ki zauna ki sha ruwa kafin ki karanta sauran. Na zaɓi in rubuto domin a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana, kuma tun da ke kika haife ta kika ba ni riƙonta tana ƙarama, haƙƙinki ne ki ji abin da ya faru daga bakina, ba daga bakin 'yan kai rahoto ba.

Kin san malaman firamare sun daɗe suna yajin aiki. Abin da ya tunzura su bai wuce abin da kowa ya sani ba: albashi ya zo a makare, in ya zo an gutsure shi ba tare da bayani ba, ƙarin girma kuwa sai dai a ji shi a rediyo. Makarantar da Aina'u take koyarwa a Challawa ta kasance a rufe har ciyawa ta rufe ƙofar ajinta. 'Ya'yan ma'aikatan kamfanoni suka cika titi, suna bin motocin kaya suna tsintar roba a bola. A teburin mai shayi babu zancen da ake yi sai wannan. Wani ya ce malamai ba su da tausayi, sai wani ya taso masa ya ce shi ya taɓa yin wata biyu yana aiki a kan alkawari? Daga ƙarshe dai duk a haɗu a kan gwamnati a yi ta tsine-tsine har shayi ya huce. Ni ba na sa baki. Mutumin da aka tura Ingila ya koyo rini, ya dawo ya shugabanci ɗakin rini a masaƙar Bompai, ya wayi gari an sa wa ƙofar kwaɗo an mai da wurin rumbun ajiye kayan waje, ya riga ya gama mamakin hukuma. Tun ranar da yarinyar nan ta ce malanta za ta yi na gaya mata ƙasar nan ba ta san darajar mai ilimi ba, ta dube ni ta gani. Ta ce ta ji, Kawu, amma ita aji take so.

Dab da Babbar Sallah aka ce an sasanta. Gwamnati ta ce za ta biya, amma sai an tantance kowa, domin wai malaman bogi ne suke cinye kuɗin. Kowane malami zai je ya dangwala babban yatsansa a na'ura, in ta nuna kore shi ne, in ta nuna ja to babu shi, a cire shi daga aiki. Ba a faɗi rana ba. Ana gobe jajibere Aina'u ta zo gida da 'yarta Lubna, Ladidi ta zaunar da su ta kwaɓa lalle. Kin san hannun Ladidi a ƙunshi. Ta zuba gishirin lalle don ya kama sosai, ta rufe yatsun nan har gaɓa, ta ce bana dai ko babu sabon ɗinki ba za a ce 'yarta ta yi Sallah da farin hannu kamar mai takaba ba. Lalle ya kama ya yi jawur har yana komawa baƙi, mata suna ta yabawa. Ana cikin suyar nama aka sanar a rediyo cewa tantancewa za ta fara ranar da aka koma aiki, a rufe ta ranar Alhamis, kuma babu ƙari.

Mijinta Abdulbaqi yana aikin safe a kamfanin fata, saboda haka ni na raka ta babbar makarantar da aka tara su. Hajjo, da kin ga wurin nan da kin yi dariya kin yi kuka. Maza suna shiga suna fitowa da fara'a. Layin mata kuwa ya tsaya cik. Duk wadda ta dangwala sai na'ura ta yi ƙara ta nuna ja. Ma'aikacin da yake kula da ita, wani mai ƙaton agogo, ya ce lalle ne ya rufe zanen yatsun, kuma shi ba ruwansa, abin da na'ura ta faɗa shi zai aika. Malamai mata, wasu sun yi jika, suna tsugune suna goga yatsa a jikin siminti. Wani mai lemun tsami ya ji labari ya turo baro guda, kafin azahar ya sayar ya koma ya ƙaro. Aina'u ta gwada dama ta gwada hagu, ja. Ta ce masa ranka ya daɗe ga ni a gabanka, ga shugaban makarantarmu can ya san ni, yaran da na koyar wasu har sun shiga jami'a. Ya ce Malama ki matsa, akwai mutane a bayanki, kina da har Alhamis.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ta koma gidanta ta sa toka, ta sa kanwa, ta sa dutsen goge ƙafa, lalle yana nan daram. Abdulbaqi ya ga matarsa tana kuka, sai ya ɗebo ɗan maganin nan da suke jiƙa fata a ciki don gashi ya zube, yana cewa abin da yake wanke fatar akuya ta yi fari tas ai ba zai gagari lalle ba. Da sun tambaye ni da na gaya musu cewa lalle ba datti ba ne da yake zama a sama, rini ne da yake shiga cikin fata ya zauna, ba ya fita sai fatar ta sake. Rabin rayuwata a kan wannan na ƙarar. Amma wa yake tambayar tsohon da masaƙarsa ta mutu? Washegari ta zo da babban yatsan dama a naɗe da tsumma, ya kumbura ya yi bororo. Na sa aka yi ta zuba masa ruwa, na kai ta kemis aka wanke aka ɗaure. Abdulbaqi ya zo ya durƙusa yana ta Baba a yi haƙuri. Na ce masa ya tashi, da ma akuyar da suke jiƙawa sai ta mutu tukuna. Ban faɗa wa kowa ba, amma a raina na riga na fitar da tsammani. Aikinsa na wucin gadi ne, yau a kira shi gobe a ce babu fata. In aka cire ta, gidan ya zauna ke nan.

Ranar Alhamis Ladidi ta riga kowa shiri. Ta ce da hannunta ta ɓata, da ƙafarta za ta je. Na ce Ladidi me za ki yi a can, ke da ko aji ɗaya ba ki yi ba? Ta ce Malam ai ku masu ajin kun je ranar farko, me kuka yi? Muka tarar da wurin ya cika fiye da da. Labari ya zaga Sharada da Challawa har Zawaciki cewa za a kori malamai mata saboda lallen Sallah. Iyayen yara suka zo, ma'aikatan da suka tashi daga aiki suka biyo da takalman roba a ƙafa, mata da goyo, masu Adaidaita sun jera a bakin titi. Wani dattijo yana ta ɗaga murya yana cewa an hana su albashi an yi shiru, an rufe makarantu an yi shiru, yanzu kuma Sallar ma laifi ce? Wata ta ce malaman bogin ai ba sa ƙunshi, suna can a ofis cikin sanyi. 'Yan sanda biyu da aka ajiye a ƙofa suka ga abin ya fi ƙarfinsu, suka koma gindin darbejiya.

Ganin haka shugabar kwamitin ta fito. Wata Hajiya ce mai tabarau, ta sha mayafi mai tsada, ta tsaya a baranda tana bayani cewa ita umarni aka ba ta, na'ura ba ta da son kai, kuma ƙarfe huɗu za a rufe. Tana magana tana ɗaga hannu. Ban ankara ba sai ga Ladidi ta kutsa ta isa gabanta, ta rusuna ta yi mata barka da Sallah, ta tambayi yara da maigida. Sannan ta kama hannun matar nan ta juya shi, ta ce kai Hajiya tubarkalla, wa ta yi miki wannan ƙunshi, ai har ya fi na 'yata kamawa. Ladidi ta ce tun da na'urar ba ta da son kai, don Allah Hajiya ta taimaka ta dangwala nata mu ga yadda ake yi, wataƙila mu ne ba mu iya ba.

Na ɗauka Hajiyar za ta sa a fitar da mu. Ta dubi yatsunta, ta dubi jama'a, sai ta juya ta shiga, mutane suka bi ta har tagogi suka cika. Ita ma ma'aikaciya ce, na'urar ta san yatsanta. Ta dangwala, ja. Mai ƙaton agogo ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ce Hajiya a ɗan danna sosai. Ta danna, ja. Daga bayan taga wani ya yi ihu ya ce an kama ta bogi, a cire ta! Dariyar da aka yi a wurin nan na tabbata an ji ta a bakin titi. Zan faɗi gaskiya a kan matar nan, ita ma ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido. Ta ɗauki waya ta koma gefe ta daɗe tana magana, muna jin tana cewa ranka ya daɗe ni kaina ta ƙi ni. Da ta dawo ta ce an ɗage wa mata har sai lalle ya fita, kuma ba za a taɓa aikin kowa ba kafin nan. Ladidi ta dawo tana gyara mayafi kamar wadda ta je cefane, ta ce mini Malam mu tafi, ta bar wake a wuta.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin na sauran lalle ne kawai, na Aina'u kuwa ƙuna ce. Tsorona kada zanen yatsan ya tafi gaba ɗaya. Kullum ta zo sai na sa ta kwance ɗaurin na duba a hasken rana. Tsohuwar fatar ta saɓule, sabuwa ta fito ja-ja, sumul kamar ta jariri, babu ko layi. A hankali layukan suka fara bayyana, kamar yadda Mai halitta ya tsara su tun farko. Makon jiya muka koma. Ta yi bisimilla ta ɗora yatsan, na'ura ta yi jim, sannan ta nuna kore. Ni da na ce na gama da mamaki, sai ga ni na nemi benci na zauna.

Kada ki ɗauka na yabi kowa. Albashin ya shigo, amma a gutsure kamar kullum, abin baya kuma an ce ana dubawa, mun san irin wannan duban. Mutanen da suka iya sa ranar dangwala yatsa a bayan Sallah a garin Kano, ba su san matan da suke mulka ba, ba su ma san matan gidajensu ba. Ajin nata har yanzu babu tebur, rufin yana yoyo, yara sun fi ƙarfin ɗakin. Ita dai ta koma. Ranar Litinin na je Challawa gaisuwar rasuwa, hanya ta bi da ni ta bayan makarantar, sai na ji muryarta ta taga tana yi wa wani faɗa a kan ya zo ba fensir, yara kuma suna ta Malama ga nawa, Malama ga nawa. Na tsaya jikin katanga na ɗan jima, sannan na wuce ba tare da ta gan ni ba. Maganar da kika yi ta a turo miki ita ta kama kasuwanci a wurinki, ki bar ta. Na gwada raba ta da allo tun tana budurwa ban iya ba, hukuma ma ta gwada ba ta iya ba.

Ki gaishe da Alhaji Umar da kyau, ki ce ina yi masa addu'a. Ki gaishe da Muhyiddeen da amaryarsa, da Zulaihatu, da Mu'az in yana gida. Ladidi tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man kaɗanya mai kyau. Aina'u da Abdulbaqi da Lubna duk suna miƙa gaisuwa. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri. Ki share hawayenki, 'yarki tana aji.

Wassalam.

Ni ne yayanki,
Dalhatu.