Muryar Baba a Cikin Akwatin Sauti

Dogo Tebo, Potiskum

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina Anti Hajara da yara? Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Akwatin sautin da ka aiko ya iso. Da na duba bayan tsohuwar rediyon marigayi Baba, ban ga ramin da zan soka shi ba, har na fara jin haushinka. Sai Buba mai gyara ya ja waya daga inda ƙananan sifikun suke, ja da ja, baƙi da baƙi, ya bi da ita ta cikin akwatin, sannan ya jona masa wutarsa daban.

Wurin gwaji na sa kaset ɗin saƙon da Baba ya aiko mana daga Makka. Yaya, wallahi tsigar jikina ta tashi! Da ya yi gyaran muryar nan tasa, a ƙirjina na ji shi, har kwanukan Inna suka yi ƙara a kabad. Shekara da shekaru muna jin kaset ɗin nan, ashe rabin muryarsa kawai muke ji.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Da ya yi sallama, sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta amsa masa.

Ka sa shi a addu'a, mu ma kar ka manta da mu. Ka gaishe da kowa. Inna ta ce in faɗa maka ka zo da Sallah, ku gaisa da mahaifinka.

Ƙaninka,
Sale