Akwatin da Sani Ya Ɗaura wa Injin

Daren Laraba, Kazaure.

Alhamdulillahi, a-kori-kurar ta tashi. Kwana da kwanaki tana fitar da baƙin hayaƙi, tana mutuwa a hanyar Roni, ni kuwa sai masifa nake yi wa mai gas, wai ya gauraya min da kananzir. Ashe ɗan akwatin nan ne da ƙanena Sani ya sa aka ɗaura wa injin don ta ƙara gudu.

Malam Ado bakanike yana zare wayarsa, injin ya daidaita. Ya ce, "Alhaji, jaki kuka saya, kuka ce sai ya yi sukuwa."

Gobe in Allah ya yarda gyaɗar mutanen Roni za ta isa Babura. A hankali, amma za ta isa. Sani kuwa a baya zai zauna, kan buhuna.