Takardar da Mama ta ƙi sa wa hannu

Birnin Janeral Santos, 4 ga Maris

Zuwa ga Nang Felisa,

Gaisuwa da girmamawa. Ki gafarce ni da na rubuto miki alhali ba mu taɓa magana ba. Ni ce Jonalyn, 'yar Meding mai gyaran kifi a layinku, a kamfanin kifin gwangwani. Ina aji huɗu a sakandare.

Kowace safiya ina wucewa ta bakin ƙofar kamfanin, ina ganin ku tsaye da takalman roba kuna jiran helma ya kira sunaye. Wadda bai kira ba, sai ta koma gida. Ran Litinin na ji kin ce masa, "Mun sa hannu za mu yi aiki, amma takardarku ba ta faɗi yaushe ba. Mu mutane ne ko kifin cikin ƙanƙara?" Ban taɓa ganin wanda ya kalle shi ido da ido ba sai ke.

Na ji kuna tara sa hannu don a ba kowa kwana uku tabbatattu a mako, kuma Mama ta ƙi sa nata. A makaranta 'ya'yan sauran suna ce mini 'yar matsoraciya. Na iya rubutunta sosai, domin ni nake cike mata takardu. In kin yarda, zan sa mata hannu ba tare da ta sani ba.

Taki cikin ladabi,
Jonalyn

7 ga Maris

Jonalyn,

Na gaishe ki. Ke, 'yar boko, satar sa hannu ake koya muku a makarantar? Kada ki kuskura.

Kina tsammani takardar ƙafa gare ta? Ni kullum sai an caje ni a ƙofa, har cikin hula. Uwarki ce ke shiga da ita, a naɗe cikin leda ƙarƙashin shinkafarta, ta zagaya da ita layi-layi lokacin hutu. Ni na hana ta sa suna. Duk ranar da helma ya gan shi, zai daina kiran ta, mu kuma ba mu da mai kai mana takardar ciki. Zagin da ake mata, tana ji tana shanyewa.

Ki yaga wannan. Ki kuma wanke mata kwanon shinkafar nan, wannan taimakon ya ishe ta.

Felisa

19 ga Maris

Zuwa ga Nang Felisa,

Gaisuwa mai yawa. Na yaga, kamar yadda kika ce. Kwana biyu na kasa haɗa ido da Mama don kunya.

Na san tun da aka miƙa wa kamfani takardar ba a sake kiran ki ba. Jiya Mama ta ce, "Felisa na waje, ni ina ciki ina cin guminta? Aikin kai takarda ai ya ƙare." Yau da safe ta shiga ofis, ta ari biron helma, ta rubuta sunanta a takardar, a ƙarƙashin na kowa. Ya ce, "Meding, har da ke?" Ta ce, "Tun farko."

Ba mu san ko zai kira ta gobe ba. Ta dai wanke takalmanta ta jingine a bakin ƙofa. Ina jin tsoro, amma zan raka ta in tsaya kusa da ku kafin a buga ƙararrawar makaranta.

Ko kin yarda in sake rubuto miki, ko da ba a kira ta ba?

Taki,
Jonalyn, 'yar Meding