An Kira Sunana, Abimael

Zuwa ga Abimael, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan kwakwar da ke kashe mini ƙishi bayan doguwar tafiya, iskar tekun da ke shigowa ta taga ta tarar da ni a jigace ta lallashe ni.

Gaisuwata ta tsallaka teku ta iske ka a Orlando, ko da yake mai gaisuwar yau ko tsakar ɗaki ba ta iya tsallakawa. Ina rubuta maka ne da yammacin Lahadi, ƙafafuna cikin bokitin ƙanƙara, yatsuna uku naɗe da filasta, don haka ka yi haƙuri da rubutun. Na gaji, masoyina. Na gaji irin gajiyar bishiyar ayabar da guguwa ta wuni tana kaɗawa: ba ta faɗi ba, amma babu ganyen da bai yage ba. Sai dai ciwon gwiwa da na kafaɗa duk ba su kai shirunka nauyi ba. Mako uku cur! Ina muryar nan da ke sauko mini kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa? Wane laifi kunnena ya yi da za a hukunta shi a kan laifin bakina?

Ka tuna ranar da muka je bakin teku a Boquerón, bayan wasana na ƙarshe na ƙwallon raga a jami'a? Kana matsa mini lemun tsami a kan soyayyen kifi, takardar aikin asibitin da ka samu a Orlando tana aljihunka. Ka ce, "Ida, shekara huɗu ina naɗe miki yatsun nan a Mayagüez. In ranar zaɓen 'yan wasa ta zo ba a kira sunanki ba, ki tattara ki biyo ni, mu ma mu yi zama irin na mutane." Na ce to, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Wa zai ɗauki guntuwa irina, mai tsaron baya, wadda aikinta faɗuwa ƙasa don wata ta yi tsalle a tafa mata?

Ba ka ga zauren da aka yi zaɓen a San Juan ba. Mu arba'in da wani abu aka jera kamar kaji a kasuwa, kowace ta ci ado, ƙungiyoyin ƙwararru suna zaɓa bi da bi. Zuleika, abokiyar ɗakina, tun a zagayen farko aka ɗauke ta. Na biyu ya wuce. Da aka shiga na ƙarshe sai na zare takalmana a ƙarƙashin kujera, na fara shirya akwati a cikin raina. Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba: daɗi na ji. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Har na hango kaina a ƙofarka, ka buɗe kana dariyar nan taka mai kama da fitowar rana a bayan duwatsun garinmu.

Sai aka ce, "Idalis Collazo." Saura suna ɗaya a rufe! Babana ya miƙe yana ihu, "'Yata ce! Ku gan ta nan! Ni na ɗaura mata raga tsakanin mangwaro da gwaba!" Na fashe da kuka, jama'a suna tafi, kowa ya ɗauka murna ce. Ni kaina har yau ban san kukan me na yi ba.

Washegari na ce maka a waya ba yadda zan yi, dole in zauna in yi wasa. Ƙarya na yi, hasken raina, kuma ka gane ƙarya ce, shi ya sa ka yi shiru. Babu wanda ya tilasta mini. Kwana uku takardar ƙungiyar tana kan teburin mamata, har kofi ya ɗiga a kanta, sannan na ɗauki biro da kaina na sa hannu.

Kada ka zaci aljanna na shiga. Da safe ina koya wa 'yan firamare motsa jiki a Utuado, da rana in kama hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji, awa ɗaya da rabi zuwa wurin atisaye. Manyan ƙungiyar, wasunsu da 'ya'ya bibbiyu, ko sunana ba su riƙe ba. "Ke 'yar makaranta, kawo ƙanƙara!" Kyaftin ɗinmu, Noraida, shekararta talatin da shida, ta dube ni sama da ƙasa ranar farko ta ce, "Wannan ce ƙanzon tukunyar? A jami'a tafi ake muku, nan haƙora ake zubarwa." Abin da take bugowa ba ƙwallo ba ne, aradu ce. Mako biyu yana wuce ni kamar ba na wurin. Hannayena sun yi baƙi kamar agadar da ta nuna ta wuce. Ko zan taka fili a kakar wasan nan, ko benci zan ɗumama, koci bai ce uffan ba.

Amma ranar Alhamis, da Noraida ta tashi sama ta sauke dukan ƙarfinta, jikina ya riga tunanina. Na shimfiɗe a ƙasa, ƙwallon ya tashi daga hannuna ya tafi daidai kan mai ɗaga wa masu bugu, a hankali, kamar balbela za ta sauka. Noraida ba ta yaba ba. Cewa kawai ta yi, "Collazo, tashi, a sake." Collazo! A nan na gane abin da ya sa na sa hannu. Ban gama ba, Abimael. Da na biyo ka da wannan abu a ƙirjina, da wata rana na ɗago kai muna cin abinci na dube ka a matsayin wanda ya raba ni da shi. Kai kuwa, zumar rayuwata, ba ka cancanci wannan kallon ba.

Ba zan ce maka kaka ɗaya ce kawai ba, kada in yi ƙarya ta biyu. Ba kuma zan ce ka baro aikinka ba, na san wuyar da ka sha kafin ka same shi. To me nake roƙo? Muryarka. Ka yi faɗa, ka ce na saɓa alkawari, ka ce son kaina ya yi yawa, zan saurara har ka gaji, amma ka yi magana. Yaya tsibiri zai yi in teku ya daina taɓa gaɓarsa?

Jiya sakatariyar ƙungiya ta ba ni fom, har da wurin rubuta wanda za a kira in 'yar wasa ta ji rauni a fili. Na rubuta sunanka da lambarka. Ta gyara tabarau ta ce, "Orlando? 'Yar nan, kafin ya iso ai kin warke har kin sake karyewa. Sa babanki mana." Na ce ta bar shi haka. Saboda haka ka sani, duk ranar da na faɗi na kasa tashi, wayarka ce za ta yi ƙara. Ina roƙonka, kada ka jira sai ranar kafin ka ɗauka.

Taka ce ni, a tsaye ko a ƙasa, a fili ko a benci, ka amsa ko ka ƙi, har numfashina ya ƙare,

Idalis