Ƙoshiyar Baiti na Ɗari Biyu da Sha Biyu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki, ta saki? Mu nan lafiya lau.

Kin tambayi abin da nake yi tun da na ajiye alli. Akwai wasu 'yan sa-kai da ke haɗuwa ranar Asabar a ɗakin baya na laburare. Suna kwafe tsofaffin littattafan da marubutansu suka daɗe da rasuwa, su ɗora a intanet kyauta, har da bayanin kalmomi da tambayoyin bita. Kwamfuta biyu ce a ɗakin, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Shugabanmu tsohon akawu ne, Mai Tabarau muke ce masa, yatsa biyu kawai yake bugu da su amma ba ya kuskure.

Na ba su littattafan rubutuna guda tara, sharhin doguwar waƙar nan da na koyar shekara talatin da ɗaya. Sharaɗinsu shi ne kowa na iya kwafa, ya buga, ya ma sayar, muddin ya ambaci mai aikin. Na sa hannu. Na san za ki ce da na kai wa kamfanin ɗab'i. Na kai sau biyu, har yau suna dubawa.

Ki gaida kowa.
Yayarki, Malama

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso, faɗan ma ya iso.

Ranar Talata na ga sharhin nawa a teburin mai sayar da littattafai kusa da tasha. Bango kore, takarda mai arha, an haɗa da ƙusa biyu. Na duba gaba, na duba baya, babu sunana ko'ina. Mai teburin ya ce yana tafiya sosai, 'yan makaranta na rububinsa, har ya ba ni shawara in saya wa jikokina. Na saya.

Mai Tabarau ya ce an karya sharaɗi, amma ƙungiyar da ba ta iya gyara fanka ba ba za ta ɗauki lauya ba. Ban ji zafin da na zata zan ji ba. Na dai kasa cin abincin rana. Akwai adireshin maɗaba'ar a shafin ƙarshe, zan je.

Taki,
Malama

Auta,

Ina fata kuna lafiya, kuma likita ya sake duba ƙafar.

Na je. Shago ne ƙarami a bayan masu walda, warin tawada ya cika shi, takardu jibge har rufi. Mai maɗaba'ar dattijo ne, hannunsa baƙi ƙirin. Da na faɗi ko ni wace ce sai ya miƙe, ya share mini kujera da gefen rigarsa, ya yi ta Hajiya sannu, Hajiya a yi haƙuri. Ya ce shafin farko ya cire don takarda ta isa, bai lura sunan a nan yake ba, bugu na gaba zai mayar. Na yarda, ban ga alamar ƙarya ba.

Na tashi zan tafi sai ya ce akwai wuri ɗaya da ya canza a sharhin, yana neman afuwa. Baiti na ɗari biyu da sha biyu, inda mawaƙin ya kamanta magulmaci da ƙoshiya. Ni na rubuta cewa cokalin katako ake nufi, wai yana juya rigima kamar tukunya. Shi ya ce mahaifinsa masaƙi ne, ƙoshiya ita ce 'yar katakon da ke kai zare ta dawo da shi, magulmacin kuma tsakanin gida biyu yake kai-kawo. Ya nuna mini baitin da ke sama, ga zare nan an ambata ƙarara. Sau ɗari na karanta shi a aji ban lura ba.

Ranar Asabar na gyara a intanet. Aikin bai kai minti biyu ba.

A mota ina dawowa na tuna wata yarinya 'yar aji huɗu, mai zama kusa da taga, shekara ashirin ke nan ko fi. Abin da ta rubuta a jarrabawa ke nan, ƙoshiyar saƙa. Na ja mata jan biro, na rubuta a gefe ta riƙa sauraro a aji. Ta ninke takardarta ta sa a jaka. Na bincika littattafan nan tara ko zan ga sunanta, babu.

Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Malama