Zoben Harbin Baba

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Merowe? Ni lafiya lau, sassaƙa tana tafiya.

Sai dai tun da yaƙinmu da Rumawa ya ɓarke, Iskandariya ta yi zafi. A nan duk baƙar fata Aitiyos ne, wato mai ƙonanniyar fuska. Jiya na fita da zoben harbin Baba, wanda ake jan tsirkiyar baka da shi, a babban yatsa, yadda na saba. Wani sojan Rumawa ya damƙe hannuna, ya ce, "Kai Aitiyos, masassaƙi ko maharbi?" Na ce ado ne. Ya tambayi masaukina.

Ga zoben, ki adana. Ki zuba wa allahiya Isis madara domina ranar da wasiƙar nan ta iso, kada ki bari sai washegari.

Ɗanki,
Maloton