Makron Sakatare Ya Cinye Mini Nasara

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Wasan Ces (darar Turawa), Ɗakin Karatu, Bene na Biyu
Daga: Tela, mamba mai kujerar bakin taga
Kwanan wata: 17 ga Maris, 2025

Game da: Kuskuren da aka buga a mujallar ƙungiya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. A yi mini afuwa idan rubutun ya yi rawa, murna ce ba ta sake ni ba.

1. A ranar Asabar, 8 ga Maris, a gaban shaidu, na cinye Likita. Ina roƙon Mai Girma ya sake karanta wannan jimla. Likitan nan dai da ya shekara da shekaru yana lallasa ni yana hamma. Na miƙa masa sarauniyata ya haɗiye, dokina ya yi tsalle, sarkinsa ya rasa wajen tsugunawa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, allo yana nan yadda yake. Da ƙafa na koma gida, na manta da kekena a ƙofa.

2. A ranar Juma'a, 14 ga wata, mujalla ta fito. Na tara iyali a falo, har da surukina, na ba ƙanwata ta karanta da ƙarfi. Hoton allon ya fito tsaf, kowane soja a gidansa. Amma a ƙarƙashinsa an rubuta wai Tela ya sake shan kaye. Surukina ya yi dariya har ya ƙware. Maiɗakina ta dafa kafaɗata, ta ce kowa ma yana mafarki.

3. Da na tuntuɓi Sakatare, ya nuna mini samfurin shafin da ya tsara a kwamfuta, da makro, wato umarnin da yake danna maɓalli ɗaya sai allo ya zanu, sunaye su jeru. Abin gwanin sha'awa, har tafi na yi. Ashe don rage wa kansa wahala ya koya wa makron cewa duk inda ya ga sunana, ya cike sakamakon da kansa. Ya ƙara da cewa makron bai taɓa ba shi kunya ba sai wannan karon. Gaskiya ce, amma ba kowace gaskiya ake koya wa na'ura ba.

Saboda haka ina roƙo da a goge wannan umarni, a sake buga shafin da manyan haruffa, Likita ya sa hannu saboda surukina. Ba na neman a hukunta Sakatare. Riga ma zan ɗinka masa kyauta.

Sai dai a hanzarta, ranka ya daɗe. Likita ya nemi mu sake karawa ranar Asabar mai zuwa, kuma zai fi kyau gyaran ya fito kafin ranar.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Tela